Makarantar garinsu ita ce makarantarsu

A makon da aka koma makaranta, wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta goya jikanta ta nufi firamaren garinmu da shi. Shekararsa bakwai. Ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa tun yana ƙarami, amma kansa yana ja, don a makarantar allo har ya wuce wasu da suka girme shi. Ba a kai ga fita tara ba sai ga ta ta dawo da shi a baya. Na ce, "Gwaggo, lafiya kuka dawo tun yanzu?" Ta ce malamin da ke rubuta sunaye ne ya dube shi ya ce, "Inna, ai irin waɗannan suna da makarantarsu a birni. In kin bar shi nan wahala kawai zai sha."

Malamin ba mugu ba ne. Tausayi ne ya sa shi faɗin haka, kuma da za a tara mutanen gari a tambaye su, da yawa bayansa za su bi. Ita kanta Gwaggo ba ta ga laifinsa ba, cewa ta yi haka Allah ya tsara wa yaron.

Ni kuwa na ga laifi, raina kuma ya ɓaci. Makarantar gwamnati da ke garin yaro ita ce makarantarsa, ko gurgu ne, ko kurma, ko makaho, ko zabiya, ko mai farfaɗiya. Da dukiyar jama'a aka gina ta, shi ma kuwa ɗan jama'ar ne. In akwai abin da ke hana shi shiga aji ko zama a cikinsa, makarantar ce ke buƙatar gyara.

Doka ma haka ta ce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro a Najeriya, ba ta ware kowa ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci. Ta ce karatunsu kyauta ne har ƙarshen sakandare, ta ce makarantun gwamnati su zama masu karɓar kowa, kowace kuma ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da su. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda za su iya shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Kano da Jigawa kowace tana da tata dokar ta jiha. Sai dai na san ba da takardar doka ake shawo kan mutanenmu ba, shi ya sa zan bi dalilan da nake ji a majalisa da bakin masallaci.

"Ai akwai makarantarsu"

Akwai, babu mai musu. A Kano akwai ta Tudun Maliki da ke koyar da kurame da makafi. A Jigawa akwai ta kurame a Haɗejia da ta makafi a Dutse. Malaman cikinsu suna aikin da ba kowa zai iya ba, ba na kuma cikin masu cewa ba su da amfani.

Amma mu yi lissafi. Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, Jigawa 27. Yaron da aka haifa a wani ƙauye a ƙasar Doguwa, ko Gwaram, ko Maigatari, ko Birniwa, wa zai kai shi? Uwa za ta ɗauki ɗan shekara shida, wanda ba ya ji, ba ya iya faɗin abin da ke damunsa, ta ajiye shi a makarantar kwana a garin da ba ta da kowa? In mace ce, ba a ma fara maganar. Ga kuɗin mota duk hutu, ga na ziyara, ga sabulu da omo da ɗan abin taɓawa, a gidan da hatsin rumbu ba ya kai su damina. Ko iyaye sun yarda, gurbi nawa ne a makarantun? Duk wanda aka ce wa ya kai ɗansa can, gida yake komawa da shi, a nan kuma maganar ke mutuwa.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, da yawa daga cikin yaran nan ba sa buƙatar wata makaranta daban. Gurgu ƙafarsa ce ta samu matsala. Yana ji, yana gani, yana riƙe fensir. Hanyar shiga aji yake nema, da wurin zama, da masai da zai iya amfani da shi.

Na taɓa leƙa wani aji na ga yarinya zabiya a layin ƙarshe, ta kawo littafi dab da hancinta, ta runtse ido tana ƙoƙarin hango allo. In ta gaza, sai ta karkata ta kwafa daga littafin ta kusa da ita, ita kuwa waccan ta sa hannu ta rufe. A takardar sakamako, wannan yarinya daƙiƙiya ce. Alhali yawancin zabiya da raunin gani ake haifarsu. A dawo da ita layin gaba, malami ya ƙara girman rubutunsa, a bar ta ta sa hula ta tsaya a inuwa lokacin taron safe. Ko sisin kwabo ba a kashe ba. Yaron da kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa har jinsa ya ragu, abin da yake so malami ya fuskanto shi in zai yi magana, ya daina bayani fuskarsa na kallon allo. Mai in'ina haƙuri yake so a yi masa har ya ƙarasa maganarsa. Mai sikila kuma kada a tare shi da bulala don ya yi kwanaki bai zo ba.

Wanda ba ya gani sam, ko ba ya ji sam, na yarda sai da malamin da ya san aikin, wanda ya iya rubutun makafi ko maganar hannu. Amma wannan ma ba dalilin kai yaro uwa duniya ba ne. Kowace hedikwatar ƙaramar hukuma tana da babbar firamare. A ware aji ɗaya a cikinta, a sa masa kayan aiki da malamai biyu, yaran su riƙa ɗaukar wasu darussan a nan, wasu kuma tare da sauran 'yan'uwansu. Ƙauyukan da suka yi nisa a ba malami ɗaya babur ya riƙa zagaya su, yana nuna wa malaman aji yadda za su yi. Masu wannan ilimin ba daga ƙasar waje za a ɗauko su ba. Jami'ar Bayero tana da sashen da ke horar da su, haka Jami'ar Jos, haka kwalejin ilimi ta tarayya da ke Oyo wadda aikinta ke nan. A ɗauke su aiki, a kuma tura su ƙauye.

Muna da wata baiwa ma da ba mu amfani da ita. A ƙasar Hausa kurma ba a ware yake ba. Je kasuwar ƙauye ka ga yadda mahauci ko tela kurma ke ciniki da mutane da hannu, a yi tayi, a yi sallama, har a yi raha. Yaran unguwarsu sun iya wannan maganar tun kafin su shiga aji ɗaya. Malamin da ya lura zai zaunar da kurma kusa da abokin wasansa na gida, ya fara daga nan.

"Masu lafiyar ma ba su samu ba"

Wannan ce hujjar da ta fi nauyi, mai faɗinta kuma bai yi ƙarya ba. Mun san ajin da yara suka haura ɗari, a ƙasa suke zaune. Mun san wanda iskar farkon damina ta yaye kwanonsa har yau ba a mayar ba. Mun san makarantar da malami ɗaya ke riƙe da aji biyu ko uku. Da abin bai yi tsanani ba, da Gwamna Abba Kabir Yusuf bai ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Kano a watan Yunin 2024 ba. Sai mutum ya ce, a bari a gyara wa masu lafiya tukuna, sannan a waiwayi sauran.

To yaushe za a gama? Tun muna yara ake gyaran makaranta. Wanda aka ce ya jira yana ɗan shekara bakwai, kafin a waiwayo shi ya zama saurayi a bakin tasha da ƙoƙo a hannu. A gidan da abinci ya yi ƙaranci, ba mu taɓa ganin uwar da ta ce gurgun ɗanta ya jira sai sauran sun ƙoshi ba. Malmalar kowa take ragewa kowa ya samu. Abin da muka san daidai ne a kan tuwo, shi ne daidai a kan karatu.

Kuma tunda yanzu ake gine-gine, yanzu ne lokacin maganar. Sababbin azuzuwa ana ɗaga musu dandamali sosai saboda ruwa, wanda duk ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ba zai ce an yi kuskure ba. Amma sai a jera matakala uku ko huɗu a bar shi haka. Gangarar siminti da keken guragu zai bi, in lokacin gini aka yi ta, 'yan buhunan siminti ne da aikin yini. In an gama gini kuwa sai an fasa, sai an sake neman kuɗi, sai an sake ba da kwangila, shi ya sa ba a yi. Inda aka yi ta ma, sau da yawa sai ka tarar an miƙar da ita tsaye, keke ba ya hawa sai mutum biyu sun tura, ko kuma ta ƙare a bakin ƙofar da keken ba ya shiga. Sannan ga rairayi. Daga bakin makaranta zuwa aji taya nutsewa take yi, sai an zuba marmara an daddaɓe hanya ɗaya. Wannan aikin gayya ne na safiya guda ga samarin gari. Injiniyan da ke sa hannu kafin a biya ɗan kwangila, ya hau keken da kansa ya gwada shiga ajin kafin ya sa hannun.

Maganar masai ba a son yi, amma ita ce ke korar yara da yawa. Yaron da ke rarrafe silifa yake sawa a hannu. Da waɗannan hannaye zai shiga masan makaranta, wanda ɗaruruwan yara suka yi amfani da shi, ƙasa a jiƙe, babu ruwa, babu abin kamawa, wani lokaci babu ƙofa. Da su zai fito ya riƙe littafi, da su zai ci ɗan ƙosan da ya saya da tara. Wasu sai su ƙi shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kama su. In ranar tsautsayi ta zo abin ya kufce wa yaro a cikin aji, yara suka yi masa dariya, ba ya sake dawowa. Yarinya kuwa da ta fara girma ba ta ma jira ranar ta zo. Ɗaki ɗaya a cikin jerin masan, mai faɗin ƙofa, da ɗan tudun zama, da ƙarfe a bango, da buta, da mabuɗi a hannun wani malami, ya isa ya riƙe yaro a makaranta shekara shida.

Kuɗi fa? Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin bai-ɗaya, a tsarin rabon da aka daɗe ana bi kuma akwai kashi 2 cikin 100 na wannan kuɗin da aka keɓe wa yara masu buƙata ta musamman. Bai da yawa. Amma haƙƙinmu ne hukumar ilimin bai-ɗaya ta kowace jiha ta riƙa bayyana abin da ya shigo da makarantun da aka kashe wa, mu ga nawa ne ya fita daga birni ya isa ƙauye.

"In ya yi karatun, me zai yi da shi?"

Wannan daga bakin iyaye take fitowa, talauci ne kuma ke magana. Masu digiri da ƙafafunsu suna zaune, ina ga gurgu? Bara kuwa tana kawo na cefane ranar kasuwa da ranar Juma'a. Ba zan zagi uban da ya yi wannan lissafin ba, amma ina roƙonsa ya ƙarasa lissafin. Makahon da bai yi karatu ba, ba shi kaɗai ya rasa makaranta ba. Gobe ɗansa ko 'yarsa ne ɗan jagora, yaro mai ido da lafiya, riƙe da bakin sanda daga safe zuwa magariba. Haka abin ke bin gida.

A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan masu naƙasa a Jigawa naira 7,000 duk wata. Abu ne mai kyau, ya rufa wa gidaje asiri. Amma alawus yana ƙarewa kafin wata ya ƙare, ba ya kuma koya wa mutum karanta saƙon banki a wayarsa, ko rubuta awon ɗinki, ko lissafin bashin shago. Dokar 2019 ta ce a ba masu naƙasa aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Hukumar JAMB tun 2017 take yi wa makafi tsari na musamman don su zauna jarrabawar shiga jami'a. Waɗannan ƙofofi duk da takardar makaranta ake shigarsu. Ɗan birnin da iyayensa suka sa shi firamare shi zai shiga, ɗan ƙauyen da aka mayar gida yana aji ɗaya ko labari ba zai ji ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, a karatun allo ba mu taɓa yin wannan tambayar ba. Wane gari ne ba a san makahon alaramma ba? Yana zaune a gindin gargari tare da sauran almajirai, ana biya masa yana riƙewa, har ya haddace, har ya zama shi ake kai wa tilawa ya gyara. Babu malamin tsangayar da ya ce wa iyayensa su nemi tsangayar makafi. Mun kuma san a kan wanda farkon Suratu Abasa ya sauka: Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho ne, ilimi ya zo nema wurin Manzon Allah (SAW). Daga baya ya zama ladani a Madina tare da Bilal. Al'ummar da ke karanta wannan sura a sallah ba ta da hujjar juya wa yaro baya a ƙofar aji. Yarda da ƙaddara gaskiya ce, Allah ne ya jarrabi yaron da ƙafarsa. Matakalar aji kuwa mu muka gina ta.

Tsoron da iyaye ke ji

Wasu iyayen ba bara suke tura yaran ba, ɓoye su suke yi a cikin gida, saboda tsokana da kunya. Tsokana tana nan, ba a ɓoye take ba. Yara suna kwaikwayon tafiyar gurgu, suna yi wa zabiya waƙa. Amma yara daga manya suke ɗauka. In hedimasta ya tsaya a taron safe ya nuna ba ya ɗaukar wannan, malamai kuma suka daina kiran yaro da lalurarsa suka koma kiransa da sunansa, cikin zango ɗaya za ka ga masu rige-rigen tura masa keke.

Farfaɗiya ta fi kowace shan wahala a wurinmu. Da zarar yaro ya faɗi sai aji ya watse, saboda an gaya wa yara yawunsa yana sa cutar. Ba ta yaɗuwa ta yawu, ba ta yaɗuwa ta taɓawa, akwai kuma maganin asibiti da ke hana yawan faɗuwar. Abin da ake so malami ya sani kaɗan ne: a janye abin da zai ji masa ciwo, a sa wani abu mai taushi a ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki. Ma'aikacin lafiya na asibitin gari zai iya koya wa malamai wannan a zama ɗaya.

Iyayen yarinya kurma ko mai raunin ƙwaƙwalwa suna tsoron kada wani azzalumi ya cuce ta a hanya, tsoron kuma yana kan gaskiya. Sai dai ba ta fi tsira ba in an bar ta ita kaɗai a gida kowa ya tafi gona. Maganinsa makaranta ta kusa, da tafiya cikin ƙawaye, da malama mace da za ta iya zuwa wurinta. Su kuma yaran da doguwar naƙuda ko shawarar jarirai ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, ba zan ce duk za su ci jarrabawa ba, nasu ya fi kowane wuya a aji mai cunkoso. Amma wanda ya koyi rubuta sunansa, ya san naira ɗari da naira ɗari biyar, ya saba da zama cikin mutane, rayuwarsa da ta mahaifiyarsa sun yi sauƙi.

A fara da sanin su nawa ne

A 2021 hukumar UNICEF ta ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 ne a duniya ke da wata naƙasa, wato kusan ɗaya cikin goma. In ka shiga makarantar ƙauye mai yara ɗari biyar hedimasta ya ce maka ba su da ko ɗaya, to suna nan, wasu a gida, wasu a cikin ajin ba a gane su ba. Ƙidayar makarantu da ake yi duk shekara waɗanda ke cikin rajista take ƙirgawa. Wanda bai taɓa zuwa ba, ba ya cikin lissafin kowa, don haka ba ya cikin kasafin kowa.

Mun kuwa iya bin gida-gida. Shekara da shekaru masu rigakafin shan inna suna shiga kowane lungu tare da masu unguwanni, suna rubutu da alli a bango, suna shafa wa yara tawada a yatsa, har rugagen Fulani ba su bari ba. Da wannan naci aka kai ga cewa tun yaron da aka samu a Sumaila a watan Yulin 2014 ba a sake samun ainihin ƙwayar cutar a Kano ba, a Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Waɗanda cutar ta riga ta shanye wa ƙafa kuwa, babu wanda ya bi su gida da irin wannan himma ya tambayi ko suna makaranta.

Ba sai an jira Dutse ko Kano ba. Kafin a buɗe sabuwar shekarar karatu, mai unguwa da kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata su zaga gari. Mata su shiga cikin gida, don su ne za a nuna wa yaron da ba a fito da shi. A rubuta sunan kowane yaro, da shekarunsa, da abin da ke hana shi zuwa: rashin keke ne, ko masai, ko gani, ko tsoron iyaye. Wanda matsalarsa ido ce ko kunne a tura shi asibiti a duba, don wani tabarau ne kawai tsakaninsa da allo. Kwafi ɗaya ya zauna wurin hedimasta, ɗaya ya tafi ofishin sakataren ilimi. Na uku kuma dagaci da 'yan kwamiti su riƙe shi su je gaban kansila da shugaban ƙaramar hukuma lokacin da ake haɗa kasafin kuɗi, su ce masai ɗaya muke nema, da keke kaza, da malami mai maganar hannu, ga sunayen yaran da gidajensu.